Mutumin da Ya Ba Igiyar Ruwa Gefen Jirginsa

Akwai wani mutum a wani gari na bakin babban tafki, wanda ya gāji ƙaramin jirgin katako mai inji daga mahaifinsa. Tsohon jirgi ne, irin wanda aka daina ƙerawa tun tuni. Mutumin kuwa yana ƙaunarsa ƙwarai, har matarsa takan ce da a ce jirgin nan yana cin tuwo, da shi za a fara zuba wa.

To, masu irin waɗannan jirage suna da ƙungiya, kowace shekara kuma sukan taru. Al'adarsu ita ce su fita can cikin ruwa, sa'an nan su komo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya gitta ta gaban jama'ar da ke tsaye a gaɓa yana nuna musu gefen jirginsa, inda aka yi ado aka rubuta suna. Wanda aka fi yi wa tafi, shi ne gwanin shekara. Ba wata kyauta ake bayarwa ba fa, tafi ne kawai.

Mutumin nan ya daɗe yana shiri. Ya goge gefen jirgin, ya shafa masa shuɗin fenti, ya zana furanni. Da ranar ta zo, sai ya dubi tsohuwar ƙwaryar da ake kwashe ruwa da ita, ya ce tana ɓata kyan jirgi, ya ajiye ta a gaɓa. Rigunan ceto ma ya bar su, gama ya ɗinka wa matarsa shuɗiyar atamfa mai tafiya da launin jirgin, ba ya so a rufe ta. Ku ji fa! Magidanci ne da furfura a gemu, ba yaro ba.

Suna can cikin ruwa sai hadari ya taso, iska mai ƙarfi ta bugo daga tsakiyar tafkin, raƙuman ruwa suka yi ta mirginowa zuwa gaɓa. Shugaban ƙungiyar, wani dattijo, ya ɗaga murya ya ce, “'Yan'uwa, an fasa! Kowa ya rage wuta, ya ba ruwa hancin jirgi, sai iska ta lafa!”

Wannan kuwa ba sabon karatu ba ne. Duk mai ƙaramin jirgi ya san cewa da hanci ake tarar igiyar ruwa, a hau ta a hankali, a sauka a hankali. Wanda ya ba ta gefe, ta kifar da shi. Sai dukansu suka juya suka fuskanci ruwan, suka ba jama'a baya.

Mutumin namu ya waiwaya, ya ga jama'a na nan cike da gaɓa, ga kuma fili babu kowa. Sai ya fara karkata jirgin.

Matarsa ta riƙe katako da hannu biyu ta ce, “Maigida, ba ka ji abin da Baba ya ce ba ne?”

Ya ce, “Ke dai gyara ɗankwalinki, ana kallonmu. Sau ɗaya zan gitta.”

Ya ƙara wuta, ya miƙe a gaban jama'a, gefe mai furanni yana duban gaɓa, ɗaya gefen yana duban iska. Igiya ta fari ta zubo ruwa har gwiwa. Matar ta laluba ƙwarya, babu. Ta cire ɗankwalin tana tsane ruwa da shi tana matsewa, tana kiran sunan Ubangiji. Igiya ta biyu ta kashe injin. Ta uku kuwa ta ɗaga jirgin ta kife shi.

Da kyar 'yan'uwansa suka tsamo su, suna kasada da nasu rayukan. Matar ta sha ruwa, sai da aka daddanna mata ciki kafin ta buɗe ido. Jama'ar da ya so su ga furanni kuwa, abin da suka gani shi ne ƙasan jirgin, baƙi ƙirin da gansakuka, kafin ya nutse.

Da ta iya magana, matar ta dube shi a gaban kowa ta ce, “To, maigida, an tafa maka?”

Ma'anar misalin nan ke nan, ku kuma ba ni kunnuwanku, gama na gaji da faɗarta. Jirgin shi ne gidanka. Raƙuman ruwa su ne wahalar da takan zo wa kowane gida: ciwo, shaye-shayen ɗa, gabar da ke tsakanin miji da mata. Allah bai yi mana alkawari cewa iska ba za ta taso ba. Amma ya nuna mana hanya, mu rage gudu, mu fuskanci abin da addu'a da gaskiya, mu kira 'yan'uwa su taimaka. Wanda zai fuskanci ruwa kuwa, dole ya ba masu kallo baya.

Amma mu fa? Ran Lahadi sai mu sha anko mu zauna a kujerar gaba. A tambaye mu, “Yaya gida?” mu ce, “Sai godiya,” alhali ruwa ya kai gwiwa. Sai jirgi ya kife ake aikowa a kira fasto da dattawa da gudu. Wannan abu yana ɓata mini rai, gama son a sani ya rushe gidaje a ikkilisiyar nan fiye da talauci.

Kai da ruwa ke shiga jirginka yau, juya shi tun injin bai mutu ba. Masu tafi a kan tudu suke, ko ƙafarsu ba za ta jiƙe ba. Wadda za ta sha ruwan tana nan zaune kusa da kai.