Sulken Ɗan Waziri

Ku matso ku ji wani labari na zamanin da, can ƙasar Turawa, tun ba su san iyakar teku ba. Akwai wani sarki da birninsa ke bakin ruwa. A ƙasarsa manomi ba shi da ikon kansa. Gonar da aka haife shi a cikinta, nan zai mutu, shi da gonar duk mallakar wani basarake ne. In kuwa za a ba mutum ƙasa, ba da baki ake ba shi ba, sai an danƙa masa dunƙulen ƙasar wurin a hannu, gaban shaidu.

Sarkin nan ya gaji da tsadar masoro da kanumfari a hannun fatake. Sai ya sa aka yi shela: za a tura jirgi ya nemo hanyar ƙasashen yaji, kuma duk wanda ya fara taka sabuwar ƙasa ya kawo dunƙulenta, shi ne mai ita.

Wazirinsa Baltasar, mutum mai baƙin rai, ya nema wa ɗansa Rodirigo shugabancin jirgin. Al'adarsu kuwa, kowane jirgi yakan tafi da wanda aka yanke wa hukuncin rataya. In an isa baƙuwar gaɓa, shi ake fara turawa. In an kashe shi, ba a yi asara ba, in ya komo da rai, an yafe masa. Wanda aka ɗauka shi ne Bento, manomin Waziri, wanda yunwa ta sa ya harbi barewa a dajin ubangidansa.

Suka daɗe bisa ruwa, har cuta ta sa haƙoran mutane suka soma zuba. Da suka hango ƙasa, igiyar ruwa ta farfasa kwalekwalensu a kan duwatsu. Rodirigo ya dubi Bento ya ce, "Kai ɓarawon nama, faɗa. In kifi ya ci ka, ka hutar da mai igiya."

Bento ya faɗa, ya yi iyo har gaɓa. Mutanen wurin suka ba shi ruwa da abinci, ya komo da dunƙulen jar ƙasa ɗaure a kansa. Rodirigo ya fizge, ya sa aka mayar wa Bento da marin ƙarfe a ƙafa.

Da suka dawo gida, fada ta cika. Waziri ya faɗi gaban sarki ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ga ƙasar da ɗana ya taka. Wancan ƙazamin kuwa tsoro ya hana shi sauka, saboda haka hukuncinsa na nan. A rataye shi."

Bento ya ɗaga murya daga inda yake durƙushe: "Ranka ya daɗe, ƙarya yake! Ni na sauka."

Waziri ya juyo a fusace. "Rufe mana baki! Yaushe abin da na gada tare da shanuna ya fara ƙaryata ni a fada?"

Sarki ya tambayi matuƙan jirgi, kowa ya sunkuyar da kai, don dukkansu talakawan Waziri ne, 'ya'yansu na zaune a ƙasarsa. Ga shi kuma a shari'arsu, maganar manomi ba ta ture ta basarake. Da sarki ya ga haka, sai ya saki fuska ya ce, "Rodirigo, ba ni labari in ji daɗi. Kwalekwale ya fashe, to yaya ka kai gaɓa?"

"Da iyo, ranka ya daɗe."

"Tsirara, kamar masunci?"

Fadawa suka ƙyalƙyale da dariya. A wurinsu babu abin kunya ga basarake kamar a gan shi gaban baƙi ba kayan yaƙinsa. Waziri ya yi wuf ya amsa: "Haba, Zaki! Jinina ne fa. Da sulkensa ya sauka, da kwalkwali, da takobin kakansa."

"Haka ne, Rodirigo?"

Rodirigo ya saci kallon ubansa, ya ce, "Haka ne."

Sarki ya miƙe ya ce, "Abin da ban taɓa gani ba ke nan, kuma ba zan mutu ban gani ba. A kawo sulken."

Aka ɗunguma zuwa bakin teku. Aka ɗaura wa Rodirigo ƙarfe tun daga wuya har ƙafa, aka kai shi jirgin shi da Bento. Sarki ya ce wanda ya iso gabansa da iyo, shi ne mai gaskiya. Aka cire wa Bento mari, ya faɗa ruwa, kafin a jima ga shi yana ɗiga a gaban sarki. Rodirigo ya leƙa ruwan, ya ja da baya, ya rungume itacen jirgi.

Waziri ya yi ta daka masa tsawa daga gaɓa: "Faɗa mana, ragon banza! Za ka kunyata gidana?"

Rodirigo ya fashe da kuka. "Baba, so kake in nutse? Ko ƙafata ban jiƙa ba a can, kai ma ka sani!"

Jama'a duka suka ji. Sarki ya ce, "Baltasar, ka so rataye marar laifi, yanzu kuma ka so nutsar da ɗanka don ƙarya ta tsaya. Ajiye sandan wazirci." Ya ɗauko jar ƙasar ya miƙa wa Bento. "Karɓi. An yafe maka, kuma ƙasar taka ce."

Bento ya ɓoye hannuwansa a baya. "Ranka ya daɗe, wannan ƙasa tana da masu ita. Na sha ruwansu, na ci abincinsu. In kyauta za ka yi mini, a ba ni wadda ubana ya mutu yana noma wa wani."

Sarki ya aiki mahayi ya ɗebo baƙar ƙasa daga gonar. Aka sa Baltasar, wanda bai taɓa taɓa ƙasa da hannunsa ba, ya ɗauka, ya durƙusa, ya danƙa wa Bento gaban shaidu. Jar ƙasar kuwa, sarki ya ce jirgi na gaba ya mayar da ita inda aka ɗebo ta, ya kuma tafi da hajar ciniki.

Nan labarin ya tsaya, ni ma nan na tsaya.