Takalman da Alƙali Ya Yanke wa Hukunci

Akwai wani tela da mutanen gidansa ke kira Alƙali. Bai taɓa leƙa kotu ba. Amma duk yammacin da ake nuna wasan likitar ƙwaƙwalwa da marasa lafiyarta a talabijin, falonsu kotu yake komawa.

Matar da ke kuka a wasan, a cewarsa, neman suna take yi. Saurayin da ke tsoron duhu, a saya masa tocila. Likitar na shafe watanni tana sauraro, shi kafin a dawo daga talla ya sallami kowa.

Ran nan aka nuno wani dattijo da ya kasa rabuwa da takalman marigayiyar matarsa.

"Wannan ai ba ciwo ba ne, rashin aiki ne," in ji Alƙali. "A kyautar da takalman, kowa ya huta."

Mahaifinsa, wanda bai taɓa fashin kallon ba, ya lalubi sandarsa. "Bari in ɗan miƙe bayana."

Bayan nan bai gama miƙewa ba har mako ya zagayo. Kujerar Baba ta zauna wayam.

"Wai me ya samu Baba?" Alƙali ya tambayi matarsa.

"Ranka ya daɗe, sai ka tura a binciko maka ƙarƙashin gadonsa."

Da kansa ya je ya leƙa. Takalman Inna ne, marigayiyar mahaifiyarsa, a jere, sun sha guga da tsumma sai ƙyalli suke.

Ya miƙe ya fito a hankali.

Da aka fara wasan, Alƙali ya tsaya a ƙofar ɗakin Baba yana sosa ƙeya. "Baba, dattijon nan ya fi ƙarfina. Ko za ka zo ka fassara mana shi?"

Baba ya ɗauki sandarsa ya taso.

"Ba takalman yake riƙe ba," ya ce da ya zauna. "Ƙararsu a tsakar gida yake jira. Ƙaro mana murya, kai kuma ka rage taka."

Matar Alƙali ta yi dariya har da riƙe ciki. Tun daga ranar Alƙali ya yi ritaya, ba fansho.

Darasi: Wanda ke cikin talabijin ba ya jin baƙar maganarka, na kusa da kai ne ke ji. Ku tura wa alƙalin gidanku, kowane falo da nasa.