Ƙugin Na'urar Ladan

A Ƙofar Rini akwai wani mai gyaran rediyo, sunansa Sirajo. Yana da hannun aiki, ba ya ƙarya, ba ya wasa da salla. Aibinsa ɗaya ne, gaggawa. Kafin mai kaya ya gama faɗin abin da ke damun rediyonsa, Sirajo ya riga ya kwance bayanta.

Shagon na maigidansa ne, Malam Na'Allah, wanda idanunsa suka fara rauni. Masu sayar da wayar salula sun daɗe suna neman ya ba su shagon, shi kuwa yana so ya bar wa Sirajo, sai dai hankalinsa bai kwanta ba. Sirajo yana da mata da 'ya'ya uku, kuma a shagon nan yake samun abin da za su ci.

Wata ranar Litinin wani makaɗin jita mai suna Ladan ya zo daga Wamakko da na'urarsa ta ƙara sauti a bayan babur. Tsohuwa ce, irin mai kwalabe a ciki, waɗanda ke yin ja idan sun ɗau zafi. Da an kunna ta sai ta kama ƙugi kamar injin niƙa daga nesa.

"Injiniya, wagga aba ta hana ni sakat," in ji Ladan. "Tun ran da..."

"Kwalba ce ta mutu," Sirajo ya katse shi. "Dawo gobe."

Bayan Ladan ya tafi, Malam Na'Allah ya ce, "Sirajo, in ka gyara wagga kafin Alhamis, shago naka ne. In ba ka gyara ba, zan ba masu salula, kowa ya huta."

Sirajo ya yi dariya, ya ce aikin rabin yini ne. Ya zare kwalabe, ya sa wasu da ya ciro daga tsohuwar rediyon maigidansa. Ƙugi bai tafi ba. Ya narka dalma, ya sake wayoyi, ya canja duk abin da idonsa ya raina. Talata ta wuce, ƙugi yana nan yadda yake.

Ranar Laraba da hantsi Ladan ya leƙo da jitarsa a kafaɗa, ya ga cikin na'urarsa a shimfiɗe kan tebur.

"Injiniya, gyara na kawo ko fiɗa? Ko rago ba a yi mai haka."

 Da aka kira azahar Sirajo ya tafi masallaci. Bayan salla ya zauna, ya tuna da iyalinsa, ya roƙi Allah ya ba shi natsuwa. Da ya dawo sai ya mayar wa na'urar da kwalabenta na asali, ya ajiye kayan aiki gefe. Ya kunna na'urar, ya kasa kunne. Ya zare wayar jita, ƙugi ya ragu. Ya mayar, ya dawo. Ya ɗora yatsa kan tsirkiya, sai ya ji wani ɗan cizo na wuta, ƙugin kuma ya canja murya.

Ya dubi Ladan, wanda ke zaune kan benci. "Malam Ladan, ka yi haƙuri. Ran nan ka fara magana na katse ka. Tun yaushe ta fara?"

"Ashe kana da kunne. Tun ran da kan filogin ya fashe wurin wani biki a Kalambaina. Na yanke shi, na fere wayoyi biyu, ina cusawa cikin soket da tsinken ashana, yadda kowa ka yi."

"Ta ukun fa?"

"Koriyar? Na lanƙwashe ta. Mi take yi, tunda wuta na zuwa?"

Sirajo ya dubi bango. Kwana uku ke nan shi ma da tsinken ashana yake cusa wayoyin, bai taɓa kula ba, don ido ya saba. Koriyar wayar nan ita ke kai ɓatacciyar wuta ƙasa, kuma soket ɗin shagon yana haɗe da ƙarfen da aka kafa a ƙasa bayan ɗaki. Ya ɗauko filogi mai ƙafa uku, ya ɗaura kowace waya a wurinta, ya yi bisimilla ya kunna.

Kwalabe suka yi ja. Shiru. Ladan ya taɓa tsirkiya, sauti ya fito garau.

"Mi ya gyara ta?" Malam Na'Allah ya tambaya daga kujerarsa.

"Tambaya, Baba. Da na yi ta tun Litinin."

Dattijon ya laluba aljihunsa, ya miƙa masa makulli. "Riƙe. Amma gobe da safe ka mayar mini da kwalaben rediyona, kwana uku ban ji labarai ba."

Darasin da ke cikin wannan labari, 'yan'uwana, shi ne kada hannu ya riga kunne. Wanda ya kawo maka damuwarsa, ɗanka ne ko maƙwabci, bar shi ya kai ƙarshen maganarsa, domin sau da yawa maganin yana cikin abin da bai gama faɗa ba. Wanda kuma ya gane kuskurensa ya ba da haƙuri, bai makara ba. Allah ya ba mu natsuwa a cikin ayyukanmu, amin.