Kurege da Kwaɗon Farin Allo

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

A wani daji akwai makaranta, malamarta Zalɓe. Rannan sai ta ce wa ɗalibai, "Kowa ya zana labari a farin allo, ya ɗauka da waya, ya kawo mini zanen yana motsi. Wanda bai kawo ba ranar kasuwa, zai maimaita aji."

Kurege ya fito yana ta juya maganar. Zane ya yi motsi? Ta yaya? Sai ya biya ta gidan Hawainiya, 'yar ajinsu, ya leƙa ta danga. Sai ya hango wayarta, ga kwaɗon da ta zana yana tsalle a ciki, ya nufi tafki.

Hawainiya ta juyo da ido ɗaya ta ce, "Kurege, shigo mana."

Ya ce, "A'a, wucewa nake."

Shi da ake kira mai wayo, ya tambayi sarkin nawa? Ina!

Sai ya ce a ransa, asirin yana cikin alƙalami. Da rana ta take, Hawainiya na gyangyaɗi, sai ya ɗauke alƙalaminta. Ya zana akuya a allonsa, ya ce, "Tafi!" Akuya tana tsaye. Ya nuna mata dusa, ko kunne ba ta kaɗa ba.

Sai ya ce, to, asirin yana cikin tsumman goge allo. Ya koma ya ɗauko shi. Ya shafa wa akuya a baya, sai bayan ya ɓace.

Sai ya ce, ashe allon ne! Ya koma ya kinkimo allon Hawainiya, da kwaɗo a jiki. Ya zauna ya zuba masa ido. Ya kamo ƙuda ya miƙa masa, kwaɗo ko baki bai buɗe ba.

Can sai ga Hawainiya tafe, ɗaga ƙafa, ajiye ƙafa. Ta ce, "Kurege, ka ɗauke alƙalami, ka ɗauke tsumma, ka ɗauke allo, kwaɗona bai kai tafki ba. Saura ni, ga ni na kawo kaina."

Kunya ta kama Kurege, amma son sani ya fi ƙarfin kunyar. Ya ce, "Don Allah, me ke sa shi tsalle?"

Ta ce, "Gyara akuyarka."

Sai ta kafe wayarsa a kan dutse. Ta ce, "Ɗauki hoto. Goge ƙafar. Zana ta gaba kaɗan. Sake ɗauka."

Haka ya yi ta yi, zana, ɗauka, goge, har hannu ya yi tsami. Sai ta jera hotunan, ta danna. Sai ga akuya tana tafiya!

Kurege ya daka tsalle, ya leƙa bayan wayar, ya dawo ya leƙa allo. Ya ce, "To ina motsin yake ɓuya?"

Ta ce, "A idonka. Hotunan tsaye suke, gudun wucewarsu ne ya ruɗe ka."

Sai ya ɗaukar mata allo ya mayar gida, ya riƙe mata tsumma har kwaɗo ya faɗa tafki. A aji kuwa akuyar Kurege ta fito tana ɗingishi, saboda ya yi gaggawa a ƙafar baya. Aka yi ta dariya. Malama Zalɓe ta ce, "Gurguwa ce, amma ta iso. Ka ci."

To yara, abin da ba ku sani ba, ku buɗe baki ku tambayi mai shi. Kayan aiki ake iya sacewa, sani sai an zauna an koya.

Ƙurunƙus! Tatsuniya ta koma daji, ni kuma na goge allona.