Ranar Da Sarkin Ruwa Ya Ƙi Cewa Lafiya Lau

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, tun kogi bai san gada ba, an yi wani ƙasaitaccen sarki mai suna Barmo a birnin Kurmin Dutse, wanda Allah Ya hore wa ƙasa mai albarka da 'ya ɗaya tilo, Gimbiya Kulu, wadda aka yi wa baiko da Jatau, matashin Sarkin Ruwa. Sai dai sarkin nan ba ya barci da daɗi, domin kullum mutanen birninsa raguwa suke yi.

Dalili kuwa wata tsohuwar doka ce, wadda ta ce duk mai sarautar da ya furta mugun labari a gaban jama'a, a tuɓe masa rawani a kore shi daga ƙasar. Ranar da rumbun auduga ya kama da wuta, Sarkin Kasuwa ya tsaya hayaƙi na tashi a bayan ƙeyarsa, ya dubi mutane ya ce, "Lafiya lau." To, wane mai hankali zai yarda? Sai kowa ya koma sauraron 'yan tsegumi, kafin la'asar gobara ta zama yaƙi a bakin mutane, gidaje da yawa suka ɗaure kaya suka yi gaba.

Da abin ya ishi sarki, ya tafi wajen Aljana Gwamma, wadda ke zaune cikin wata tsohuwar kuka a bayan ganuwa. Ta saurare shi ta ce, "Ranka ya daɗe, kowane gari yana ganin masifa. Abin da ke korar naka mutanen shi ne bakin manyanka. Turo mini su, kai ma ka zo." Sarki ya ce manya za su zo, amma shi sarki ba ya ɗaukar darasi, dokar kakanni kuma ba mai taɓa ta. Aljana ta yi murmushi kawai.

Shugabannin sana'o'i suka shiga cikin kukar, suka tarar da wani makeken zaure cike da tuluna. Aljana ta tafa hannu, sai tulunan suka tashi suka zama mutane masu ido da baki. Ta ce wa Sarkin Pawa, "Mu ƙaddara naman jiya ya kwantar da yaran unguwa guda. Ga iyayen yara, yi musu magana." Ya gyara babbar riga ya ce, "Lafiya lau." Nan take mutanen gaba suka koma tuluna suka tarwatse. Sarkin Maƙera da aka ce gatarin da ya ƙera ya cire daga ƙota ya raunata mutum, sai ya ɗora wa yaran maƙera laifi, nasa tulunan ma suka fashe. Sarkin Marina kuwa, bawan Allah, da aka ce ruwan baban rini ya malala cikin rijiya, tarihin kakansa ya kama, har tulunan suka juya masa baya.

Jatau ya tsaya yana mamaki, domin shi mutum ne mai son sanin dalilin komai. Ya tambaya, "Uwar ɗakina, idan ni kaina ban san iyakar ɓarnar ba fa, me zan ce?" Aljana ta ce, "Sai ka ce ba ka sani ba. Tuluna ba sa fashewa don wannan. Faɗi abin da idonka ya gani, ka bar zato, ka ba hannun mutane abin yi, ka kuma gaya musu yaushe za su sake jin muryarka." Ya gwada, ya fasa tuluna, ya sake gwadawa, har damina ta kama yana zuwa, bayan sauran sun gaji sun daina.

Ana nan, wata safiya kogi ya kawo, kwalekwalen da ya ɗauko Gimbiya Kulu da matan kasuwa daga ƙetare ya kife a wajen babbar kwanar kogin. Jatau ya tura masuntansa, amma su kaɗan ne, gaɓa kuwa doguwa. Ya ruga fada, Waziri ya tare shi a ƙofa ya ce, "Rufe bakinka, yaro. A neme ta a asirce. Idan ka furta, ka rasa rawani, ka rasa ƙasa, ka rasa auren."

Wallahi tsoro ya kama Jatau. Amma ya hau dakalin ƙofar fada, sarki na zaune a bayansa, ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, ba lafiya ba. Kwalekwalena ya kife a babbar kwana, kuma alhakinsa a wuyana yake. Mun ciro wasu da rai. Gimbiya da wasu mata ba mu gan su ba, ban kuma san halin da suke ciki ba. Duk mai igiya ko gora ya bi gaɓa ya yi ƙasa. Da azahar zan dawo nan in gaya muku abin da aka samu, mai daɗi ko marar daɗi." Ya cire rawaninsa da kansa, ya ajiye a gaban sarki, ya juya kogi.

Abin al'ajabi, ba wanda ya ɗaure kaya. Mahauta suka fito da igiyoyin shanu, marina da sandunansu na rini, gaɓa ta cika da mutane har inda ido ba ya kai. Can nesa, wurin da masunta ba su yi tsammani ba, wani maƙeri ya hango gimbiya maƙale da saiwar bishiya, tana riƙe da wata tsohuwa da hannu ɗaya, ƙarfinta ya kusa ƙarewa. Aka ciro su, aka ciro saura.

Da azahar Jatau ya dawo dakali kamar yadda ya alkawarta, kai babu rawani, ya ba da labari. Sarki Barmo ya tashi ya naɗa masa rawanin da hannunsa, ya soke dokar kakanni, washegari kuma aka gan shi yana shiga kukar aljana shi kaɗai. An ce ya fasa tuluna fiye da kowa.

Bayan kaka aka ɗaura auren Jatau da Kulu, waɗanda suka gudu suka fara dawowa. Amma abin da tsofaffin birnin suka fi tunawa shi ne lokacin da aka kawo gimbiya gaban mahaifinta a jiƙe, ya rungume ta yana kuka, ya ce, "'Yata, lafiya?" Ta dube shi tana rawar ɗari ta ce, "Ina fa lafiya, Baba. Sanyi nake ji, hannuna kuma ya goce." Sarki ya share hawaye, ya aika a kira maɗori.