Inuwar Darbejiyar Tsalha

Da aka sake tsarin gari, sai iyakar filin Alhaji Ɗanjummai, shugaban kwamitin filaye, ta zo daf da darbejiyar Tsalha mai gyaran keke. Alhaji ya sa aka kirawo shi.

"Sabuwar doka ta hana kayan wani shiga filin wani. Inuwar bishiyarka kuwa kullum yamma tana cikin nawa. Ka kwashe ta cikin kwana uku, ko ka rasa filinka."

"To, ranka ya daɗe, bari in sare bishiyar."

"Kul! Doka ta hana sare itace."

Washegari da hantsi Tsalha ya tsugunna gaban kwamiti, riƙe da kwando da tsintsiya.

"Ranka ya daɗe, inuwar benenka na can kwance a tsakar gidana tun safe, ta hana shanyar iyalina bushewa. Taimaka ka kwashe taka in ga yadda manya ke yi, da yamma sai in kwaikwaya."

Alhaji ya dubi kwando, ya dubi magatakarda.

"Rubuta: inuwa baƙuwa ce, ba a korar baƙo."

Tsalha ya ce, "Madalla. Bari in mayar da kwandon, dama aro na yi."