Wanzamin Da Gari Ya Ƙaurace Wa

A zamanin da, can baya ƙwarai, an yi wani Sarki a wani birni mai ganuwa da ƙofofi bakwai. Ranar da aka naɗa shi ya sa aka yi shela cewa a mulkinsa ba za a ɗaure mutum, ko a doke shi, ko a kore shi daga gari saboda maganar bakinsa ba, sai fa wanda ya yi shaidar zur ko ya zuga jama'a su zubar da jini. Mutane suka yi ta yabon dokar, ba mamaki, tun da a lokacin ba wanda aka gaya wa abin da ba ya son ji. Shekara goma sha ɗaya doka tana kwance lafiya, sai Jatau Wanzami ya tashe ta.

Shi Jatau wanzanci ya gada kaka da kakanni, kuma kowa ya shaida hannunsa. Sai ya gama yi maka aski kana gyangyaɗi ba ka sani ba. Ƙaho ne, cire beli ne, tsagar jarirai ce, manyan gidajen birnin duk shi suke kira. Waziri Barmo kansa, shekara ashirin ke nan ba askar da ta taɓa kansa sai ta Jatau, kowace Alhamis da hantsi. Aibin mutumin ɗaya ne, bakinsa. In magana ta zo masa sai ya faɗe ta, ko a gidan biki ne ko a gidan makoki, sa'an nan ya tsaya yana mamakin abin da ya sa aka ɓata rai.

Ran nan aka yi sunan jikan Madugu Anaruwa, babban attajirin garin, wanda rabin birnin in ba su auro daga gidansa ba, to sun aurar a can. Jatau ya yi wa jariri aski, ya yi masa tsagar gidan, uku-uku a gefen baki. Maroƙa kuwa suna ta kirari, wai kakan Anaruwa ɗan sarki ne da ya zo daga gabas bisa raƙumi. Jatau yana goge askarsa ya yi dariya, ya ce, "Wane irin raƙumi kuma? Wannan tsagar ai ta masuntan kogin kudu ce. Kakana ya ce mutumin da komar kamun kifi a kafaɗa ya shigo garin nan, yana warin kifi."

Ko gaskiya ya faɗa ko ƙarya, Allah ne masani, ni dai ban ga raƙumin ba, ban ga komar ba. Madugu ya sa aka miƙa wa Jatau kasonsa na naman suna, aka raka shi bakin ƙofa.

Kafin mako ya zagayo gari ya juya masa baya. Ya shimfiɗa tabarma a gindin ɗurumin da ya saba zama, har la'asar ba wanda ya tsuguna. Aka yi suna uku a unguwarsu, aka kira wani wanzami wai shi Dangana, wanda hannunsa kamar na mai sassaƙa turmi. Ko sallama Jatau ya yi, sai a amsa ana duban wani wuri. Hatsi ya fara ja baya a rumbu. Matarsa Tasalla ta ce, "Malam, shekara nawa ina ce maka ka riƙa tauna magana? To ga shi, yau sai mu dafa gaskiyar taka mu ci."

Abin ya ci masa rai ƙwarai. Yunwa tana damunsa, amma abin da ya fi damunsa shi ne sana'ar kakanninsa ta mutu a hannunsa. Da wata ya cika ya rataya zabirarsa, wato jakar kayan wanzanci, ya nufi fada. Yana shiga ya tarar Madugu Anaruwa ya riga shi zama.

Madugu ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Mutumin nan ya ci mutuncin gidana a gaban baƙina. Ina roƙo a fitar da shi daga garin nan, kada ya kwana."

Jatau ma ya faɗi, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, dokarka ta ce ba a horon mutum don maganarsa. To ga ni ana horona, wata guda ba wanda ya zauna gabana. Ina roƙo a yi shela kowa ya koma wa wanzaminsa na gado, wanda ya ƙi a hukunta shi."

Sarki ya daɗe yana shafa gemu. In ya kori Jatau ya karya dokarsa da hannunsa, in ya ƙyale kuwa ga mutum zai mutu da yunwa saboda magana, dokar tana kallo. Ya dubi Waziri Barmo ya ce, "Waziri, na ba ka kwana uku. Ka zo mini da hukuncin da ba zai sa in ji kunyar shelata ba."

Kashegari da safe wani masaƙi mai suna Mati, tsohon abokin Jatau, ya lallaɓo ta ƙofar baya yana waige-waige. Ciwon baya ya hana shi zama a ramin saƙa, ƙaho yake so. Jatau ya kafa masa ƙahoni, ya dubi sumar da ta cika masa kai, ya ce bari ya rage masa.

Mati ya dafe kai da hannu biyu, ya ce, "Rufa mini asiri. Baya dai riga tana rufewa. Ba ka ji ba ne? Barorin Madugu suna tsaye a ƙofar kasuwa suna cire wa mutane hula. Askinka ba ya ɓuya, ba kurji ba yanka. Wanda suka gani da shi sai su watsar masa da kaya, su rushe rumfarsa. Sun yi wa mutum biyu, tun daga nan kowa ya shiga taitayinsa."

Mati bai daɗe da fita ba sai ga Waziri da kansa a zauren Jatau. Ya zauna, ya tambaye shi wa da wa suka zo masa tun ranar sunan. Jatau ya kwashe labarin Mati da na hulunan ya gaya masa. Waziri ya saurara har ƙarshe. Jatau ya lura gashi ya leƙo ta ƙarƙashin rawaninsa, ya jawo zabira, ya ce, "Ranka ya daɗe, Alhamis huɗu ke nan."

Waziri ya ce, "Bari tukuna, shari'arku tana hannuna." Jatau ya ga wannan magana ce ta adalci, ya mayar da aska.

Rana ta uku fada ta cika maƙil. Waziri ya miƙe ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, na duba roƙon Jatau, na ga a biya masa. Daga yau wanda aka nema da aski ba shi da ikon ƙi."

Jatau ya ji wani sanyi a ransa, har ya fara godiya. Waziri ya ɗaga masa hannu, ya ce, "Sai dai doka ba ta zaɓe, kuma da mai roƙonta ake farawa. Na ga kanka ya yi suma. Madugu, karɓi askarsa ka yi masa gyara, ka fara daga maƙogwaro."

Dogari ya zare aska daga zabira ya miƙa wa Madugu. Jatau ya tsuguna, don ba yadda zai yi. Ya ga Madugu ya nufo shi, idanu jajur don fushi, ga aska shi da kansa ya wasa ta da asuba, ya san abin da za ta iya. Da ƙarfen ya taɓa fatar wuyansa sai ya ja da baya da gwiwoyi, ya ce, "Ranka ya daɗe, a dakata. Ban yarda da hannun nan ba."

Waziri ya ce, "Ai ba yanka ka zai yi ba, a gaban Sarki muke."

"Ko da haka. Wuyana ne, ba na miƙa shi ga wanda zuciyata ba ta kwanta da shi ba."

Waziri ya ce, "To, mutanen da kake so dogarai su jawo maka, su da me za su zo in ba da wuyansu ba?"

Jatau ya sunkuyar da kai. Wanzami ne shi, ya fi kowa sanin cewa wanda ya zauna gabanka ya rufe ido, amana ya ba ka. Ya ce ya janye roƙonsa.

Madugu ya koma mazauninsa yana murmushi, yana jiran a kira masu rakiya zuwa bayan ganuwa. Sai Waziri ya juyo gare shi ya ce, "Madugu, kafin mu zo ga naka roƙon, kwance rawaninka. Fada tana so ta ga wanda ya yi maka aski."

Madugu ya zabura, ya ce, "Haba, ranka ya daɗe! Da girmana, a gaban jama'a? Wanda ya yi mini aski ina ruwan wani da shi? Kaina ne."

"Kan Mati masaƙi fa, na wane ne?"

Aka shigo da Mati da mutum biyun da aka rushe wa rumfa, suka faɗi abin da ake yi a ƙofar kasuwa. Madugu ya yi ta kame-kame, daga baya ya ce zafin zuciya ne, kuma ai ƙarya aka yi wa kakansa.

Sarki ya gyara zama. Ya ce, "Anaruwa, in ƙarya ce, kana da baki, kana da maroƙa. Ku bi kasuwa da unguwa ku ce ƙarya yake. Kada ka ƙara kiransa gidanka, kada ka amsa sallamarsa, ka roƙi abokanka su guje shi, ka hana shi kayanka in ka so, duk wannan naka ne. Amma hular wani da rumfar wani ba naka ba ne. Za ka gina rumfunan da aka rushe, ka mayar da kayan da aka watsar, barorinka kuma za su gurfana gaban alƙali. Jatau ba zai bar garin nan ba." Ya juya ga wanzamin ya ce, "Kai kuwa, shelata ta tsare ka daga igiyata da bulalata da ta kowa. Ban taɓa yi maka alkawarin mutane za su so ka ba. Je ka shimfiɗa tabarmarka, wanda ya zo ya zo."

Fadawa suka ce hukunci ya yi, aka watse.

Da aka janye barori daga ƙofar kasuwa sai aka ga wanda tsoro ya hana shi zuwa da wanda zuciyarsa ta hana shi. Mati ne ya fara tsugunawa a gindin ɗurumi da rana tsaka, sai majema, sai fatake baƙi waɗanda ba ruwansu da kakan kowa. Dangin Madugu ko ɗaya bai dawo ba, haka ma wasu da ba su haɗa komai da shi ba, kawai dai sun gaji da bakin Jatau tun tuni, sun sami dalili. Cikin kowane gida uku da yake wa aski a da, ɗaya ne ya komo. Tukunyar Tasalla ta koma kan wuta, ko da yake miyar ba ta kai ta da ba.

Jatau bai damu da sauran ba sosai, gida ɗaya yake jira. Ranar Alhamis ya wasa askarsa mafi kyau, ya nufi gidan Waziri da hantsi, yana shirya kalmomin godiya a hanya. Ya yi sallama a zaure, aka ce ya shigo. Ya tarar da Waziri zaune a kan buzu, kai a buɗe, Dangana yana kankare masa shi, har ya yanke shi wuri biyu a bayan kunne.

Jatau ya tsaya riƙe da zabira. Da ƙyar ya ce, "Ranka ya daɗe, na zaci shari'a ta ƙare."

Waziri ya ce, "Ta ƙare. Zauna, Jatau." Ya bari Dangana ya ɗauraye aska, sa'an nan ya ci gaba. "Mahaifiyata ƙanwar uban Anaruwa ce. Da tsagar nan a fuskarta ta rene ni, da ita aka binne ta, kuma har ta rasu tana ba jikokinta labarin raƙumin nan tana jin daɗi."

"Wallahi, ranka ya daɗe, da na sani..."

"Ka sani mana, duk gari ya sani. Ba ka dai tuna ba, don in kana magana kanka kaɗai kake ji. Na tsaya maka a fada, kuma gobe in wani ya ɗaga maka hannu saboda bakinka, zan sake tsayawa. Yunwa ma ba za ta kashe ka ina raye ba. Amma kan nan nawa ba zai ƙara zama a hannunka ba."

Dangana ya koma kan aikinsa, ya riƙe askar a karkace, ya sake kafta wa Waziri wani yankan. Waziri ya runtse ido, ya daure. Jatau yana gani, magana ta taso masa har bakin leɓe, irin wadda a da ko sarki ne a wurin sai ya faɗe ta. Ba dogari a zauren, ba dokar da ta hana shi. Ya haɗiye ta.

Ya durƙusa ya yi sallama, ya rataya zabirarsa, ya koma gindin ɗurumi, inda wani bafatake yake zaune yana jiransa. A nan masu ba da hikayar suke tsayawa, ni ma a nan zan tsaya.